Ƙaiƙayin ƙarfe: yadda mai sana'a zai kare hannunsa

Ga wata mace mai saida tuwo a bakin tasha. Tun safe har dare tana karɓar kuɗi, tana ba da canji, tana wanke kwanuka. Sai yatsunta suka yi ja, suka fesa ƙananan ƙuraje masu ruwa. Ƙaiƙayi ya hana ta barci. Masu saye suka fara gudun tuwonta, suna cewa ƙazwa ce. Da ta je gidan likita, aka gane ba ƙazwa ba ce. Jikinta ne ba ya shiri da wani ƙarfe mai suna nikel.

Mene ne nikel?

Nikel farin ƙarfe ne mai ƙyalli. Ana garwaya shi da wasu ƙarafa, ko a shafe su da shi, don kada su yi tsatsa. Akan same shi a ƴan kunne da sarƙa masu araha, da bayan agogo, da ƙarfen ɗamara, da maɓallin wando, da makullai, da almakashi. Akwai shi kuma cikin fararen kuɗi na dala goma da na dala ashirin.

Yaya ciwon yake?

Ba kowa yake kamawa ba. Ya fi yawa ga mata, saboda hujin kunne. Ƙurajen ba sa fitowa nan take. Sukan fito bayan yini ɗaya, ko kwana 2, ko kwana 3. Shi ya sa mutum ba ya saurin gane mafari. Suna fitowa daidai inda ƙarfen ya taɓa: kunne, wuya, wuyan hannu, ƙarƙashin cibiya, ko yatsu. Sukan yi sati 2 zuwa 4 kafin su kwanta. Zufa da jiƙar hannu suna ƙara ciwon, domin zufa tana fiddo nikel daga jikin ƙarfe.

Abu biyu ya kamata kowa ya riƙe. Na ɗaya, ciwon nan ba a ɗaukarsa. Ana iya gaisawa da mai shi, a ci tuwo kwano ɗaya. Na biyu, in jiki ya ƙi nikel, ya ƙi shi ke nan. Ƙuraje suna warkewa, amma in aka koma ga ƙarfen, sai su komo.

Wa ya fi shiga haɗari?

Tela mai riƙe almakashi, da mai gyaran mota ko keke, da mai kitso da aski, da ɗan tebur mai ƙirga kuɗi, da mai yawan wanke-wanke.

Sai a bar sana'a?

A'a. Sai dai a raba fata da ƙarfe. Ga dabaru:

1. A naɗe mariƙin almakashi da na sauran kayan aiki da ƙyalle, ko roba, ko fatar da aka jeme da bagaruwa. In za a sayi sabo, a zaɓi mai mariƙin itace ko na roba.
2. A zuba kuɗi cikin kwano ko ƙwarya. Kada a dunƙule su a hannu, kada a ɗaure su inda za su manne da jiki.
3. A sa safar hannu ta auduga. In aikin na ruwa ne, a ɗora ta roba bisanta. In ta jiƙe da zufa, a sake wata.
4. A ɗinka ƙyalle bayan maɓallin wando. A cire agogo da zobe lokacin aiki.
5. Bayan aiki a wanke hannu, a tsane shi sarai, a shafa man kaɗe. Fatar da ta tsage ta fi saurin kamuwa.

Yaushe za a je gidan likita?

In ƙurajen sun ƙi kwantawa, a je. In sun yi mugunya, ko wurin ya kumbura da zafi, ko zazzaɓi ya zo, a je ran nan. Likita yana da man shafawa mai kwantar da ƙaiƙayi. A shafa shi yadda ya faɗa. Likitan fata yana da gwaji: yakan manna ɗan nikel a bayan mutum, ya bar shi kwana 2, sannan ya duba. Kada a sosa. Kada a shafa toka, ko baƙin mai, ko maganin da ba a san asalinsa ba.

Mai tuwon nan ta bi shawara. Yanzu masu saye suna jefa kuɗi cikin kwano, ƙanwarta tana ba da canji. Hannunta ya warke, ciniki ya komo.

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙurajen suka fi tashi lokacin zafi?
2. Ana ɗaukar wannan ciwo daga wani?
3. Wace dabara tela zai yi wa almakashinsa?