Kalmar "Zafi" da Ma'anoninta

'Yan'uwana ɗalibai, ku ƙirga sau nawa kuke jin kalmar zafi a gida daga safe zuwa dare. Koko da zafi, rana da zafi. Yaro ya yi tuntuɓe, ya ce ƙafarsa na yi masa zafi, alhali babu wuta kusa da shi. An faɗa wa mutum baƙar magana, ya ce abin ya yi masa zafi. Mai saurin fushi muna ce masa mai zafin rai, mai saurin duka mai zafin hannu, ɗan ƙwallo mai kuzari kuwa mai zafin nama. A ganina yawancinsu daga wuta aka aro su, don ita ce mai ƙuna, ita ce kuma mai sauri.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne barkono. Balarabe yana kiran abinci mai barkono "harr", kalmar da yake faɗa wa rana mai ƙuna. Bahaushe kuwa ya ware wa barkono kalmar yaji. Kuma da gaskiyarsa, don shito ko daga firij aka fito da shi sai ya ƙona harshe.

A ajin kimiyya ne kalmarmu take rikita mu, kuma nan ake asarar maki a jarrabawar BECE. Abu biyu ne muke kira da suna ɗaya. Larabci ya raba su: "harara" da "darajatul harara". Mu ce zafi da darajar zafi.

Darajar zafi ita ce abin da ma'aunin zafi yake nunawa. A ma'aunin da ke ɗauke da sunan Anders Celsius, mutumin Suwidin da ya tsara nasa a 1742, ruwa yana ƙanƙara a digiri 0, yana tafasa a 100 a bakin teku, jikin mai lafiya kuma yana wajen 37. Shi ya sa a asibiti ba a tsayawa ga "jikinsa da zafi". Sai an auna, in ya kai 38 a ce zazzaɓi ne.

Zafi kuwa makamashi ne da ke tashi daga abu mai darajar sama ya shiga mai darajar ƙasa, kamar daga garwashin kurfoti zuwa tukunya. Ana auna shi da jul, don tunawa da James Joule na Ingila. Lita 1 ta ruwa tana cin jul kusan 4,200 kafin ta hau digiri 1.

Mu gwada lissafi da ruwa mai digiri 25. Kofin shayi, rubu'in lita, kafin ya tafasa zai ci jul 78,750. Bokitin wanka mai lita 20, in za a kai shi digiri 40 kawai, wato ya yi ɗumi, zai ci jul 1,260,000. Kofin ya fi daraja, shi ne zai ƙona hannu, amma bokitin ya ci zafi ninki 16. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin mu shiga makaranta: a lokacin hunturu, ruwan wanka ne yake cinye gawayi.