Darasin Mako: Direban Tirela Bai Ganka Ba

Iyayenmu, yayyenmu da sauran 'yan uwa, darasin wannan Juma'a a kan titi yake. Mu da muke neman abinci tsakanin Mile 12, Ketu da Ojota, babu ranar da za ta fito ta faɗi ba mu gifta gaban tirela ko tanka ko tifa ba. Sabo ya sa mun daina jin tsoronsu, har za ka ga mutum da buhun albasa a ka yana ratsawa tsakanin tirela biyu kamar yana tsakar gidansu. Abin da yake zuciyarsa shi ne, ai direba ya ganni, zai tsaya. To a nan kuskuren yake. Sau da yawa bai ganka ba, kuma ko ya ganka, motar ba za ta tsaya a inda yake so ba.

Mu fara da nauyi. Tirelar da ta ɗauko buhun siminti 600 tana ɗauke da ton 30, ban da nauyin ita kanta motar. Ƙaramar mota kuwa ba ta cika wuce ton ɗaya da rabi ba. Idan direban tirela ya taka birki, wannan nauyin yana ci gaba da tura shi gaba, shi ya sa sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta tsaya cak. In an yi ruwa, ko taya ta suɗe, ko a gangara ne, nisan ya ƙaru. Ƙari a kan haka, direban da ya taso daga Kano ko Sakkwato da tumatir ko albasa ya kwana yana tuƙi, yana sauri kada kaya su lalace, ya iso Legas idonsa cike da barci.

Sai maganar gani. Mutane suna ɗauka wanda yake zaune a sama ya fi kowa ganin hanya. Nesa yake gani, amma kusa da shi akwai wurare uku da suke ɓuya masa. Na farko, dab da gaban motar, ƙarƙashin gilashi: yaro ko mai tura baro zai iya tsayawa a nan direba bai san da shi ba. Na biyu, gefen dama, ɓangaren yaron mota, domin direba a hagu yake zaune. Na uku, bayan motar gaba ɗaya. Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: idan ba ka hango fuskar direba ba, ko kai tsaye ko ta madubinsa, to shi ma bai hango ka ba.

Wurin shan kwana ya fi ko'ina haɗari. Idan tirela za ta karya dama, kan motar yakan fara buɗewa hagu. Mai tafiya a ƙasa ko mai babur sai ya ga fili ya samu, ya shiga. Amma tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yankowa suke yi ta ciki, su rufe wannan filin da mutum a cikinsa. Don haka in ka ga babbar mota tana shirin shan kwana, ja da baya sosai ka bar ta ta gama. Haka kuma kada a jera da motar kwantena, musamman a kan gada ko inda hanya ta karkace. Ba mu manta da Ojuelegba ba, ranar 29 ga Janairu 2023, inda kwantena ta faɗo kan ƙaramar bas, mutum tara suka rasu.

Yanzu ga abin da ya ƙara dagula lamarin, wato waya. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Direba ya sunkuya daƙiƙa uku kawai don ya duba wanda ya kira shi, motar ta yi mita 50 babu mai kallon hanya. Kusan rabin filin ƙwallo ke nan. Dokar hanya ta hana riƙe waya ana tuƙi, kuma jami'an hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, suna cin tara a kai. Amma tara ƙaramin abu ce idan an taka rai. 'Yan uwa direbobi, aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta yi bayanin kisan kuskure: akwai diyya ga dangin mamaci, akwai kaffara, wadda a zamaninmu ta koma azumin wata biyu a jere. Wanda yake son ƙarin bayani ya samu Malam Liman. Idan maigida ko dillali ya dame ka da kira, ba yaron mota ya amsa, ko ka samu wuri ka faka.

Mu na ƙasa ma wayar ta kama mu. Ɗan kasuwa yana tsallaka titi yana cinikin kwandon tattasai da mutumin ƙauye, matashi ya toshe kunnuwa biyu yana sauraren karatu ko labarai, ana danna masa oda bai ji ba. Ranar da direba mai kallon waya ya haɗu da mai tsallakawa yana kallon waya, babu ido ko ɗaya a kan hanya. Ciniki zai jira ka minti ɗaya, in ka haye sai ka kira.

Titin Ikorodu yana da nasa tarkon. Gosulo yakan tsayar da motoci, mutum ya ratsa tsakaninsu hankali kwance, ya manta cewa layin BRT a buɗe yake kuma bas tana tahowa da gudu. Ga masu babur da maruwa da suke bin hannun da ba nasu ba, shi ya sa duba gefe ɗaya bai isa ba. Inda akwai gadar masu tafiya a ƙasa, a hau ta. Mun san hawa da kaya akwai wuya, amma tsallaka babban titi a inda aka yi gada laifi ne a dokar jihar Legas, ana kamawa, kuma wahalar matakala ta fi kwanciya asibiti sauƙi.

Ga abin da muke roƙon kowane gida ya riƙe:

1. Kada a kwanta ko a zauna shan inuwa a ƙarƙashin tirela, ko da an kashe ta. Direba kuma ya zagaya motarsa ya leƙa ƙasa kafin ya tayar.
2. Masu fitowa sallar asuba da masu sauke kaya da dare su sa tufafi masu haske, ko su riƙe tocila.
3. Inda babu wurin tafiyar ƙasa, a bi gefen da za a fuskanci motocin da suke tahowa.
4. Yara 'yan Islamiyya da masu talla kada su tsallaka babban titi su kaɗai. Babba ya riƙe hannun yaro, ya sa shi ta ɓangaren da ba na motoci ba.
5. A ajiye lambobin gaggawa a waya: 122 ta FRSC, sai 112 ko 767 a nan Legas.

Wani zai ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, amma an umarce mu da riƙon sababi tare da tawakkali, kuma kawar da cuta daga mutane yana cikin haƙƙin hanya da Manzon Allah (SAW) ya koyar. Kowannenmu akwai masu jiran saƙonsa a gida ƙarshen wata. Wanda ya iya karatu ya karanta wa 'yan dako da yaran shago wannan takarda, a kuma kai ta cikin gida ga iyaye mata. Allah Ya kare mu da iyalanmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, Ya mayar da mu gida lafiya. Amin.

Sakataren masallaci