DARASIN WANNAN MAKO: IDAN TOTUR NA BABUR YA MAƘALE DA SANYI

Yau darasinmu ba na gona ba ne, na abin da ke kai mu gona da kasuwa ne, watau babur, wanda mu ka fi kira moto. Daga Sae Sabuwa zuwa Tibiri da Maradi, daga ƙauyukan Gidan Rumji har Agye da Gazawa, shi ke ɗaukar buhun gero da wake, shi ke kai mai naƙuda gidan likita cikin dare. To, daga watan Disamba zuwa Fabrairu akwai wata cuta da ke kama shi. Mutum ya murɗa totur, ya saki, amma totur ya ƙi komawa, inji ya yi ta ruri. In hakan ya faru a bakin kasuwa, ko ga yara sun koro awaki, sai dai Allah ya kiyaye.

Mutane su kan ce sanyi ne. A Turai haka ne, don can ruwan da ya shiga cikin wayar totur ya kan daskare ya zama ƙanƙara. Mu nan ƙasar Maradi, ko a tsakiyar Janairu sanyin asuba bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba, iskar kuma busasshiya ce. Babban mai laifi ƙurar hunturu ce. Ta kan shiga cikin bututun waya ta gamu da tsohon mai, su zama kamar kunu. Da rana zafi ya sassauta shi, da asuba sanyi ya sa ya yi kauri ya riƙe wayar. Shi ya sa babur ke gardama da safe, da hantsi kuwa ka ce ba shi ba ne.

Da farko ga abin yi in ya maƙale kana bisa hanya. Kada ka firgita, kada ka yi tsalle. Ka damƙe kuloci, ka mai da totur baya da hannunka, ka taka birki sannu, ka kashe makulli. Kada ka danne birkin gaba da ƙarfi cikin rairayi, zai kayar da kai. In ka tsaya, kada ka sake hawa sai ka gano dalili.

Bincike kuwa, inji a kashe a ke yinsa. Murɗa totur har ƙarshe ka saki. Mai lafiya zai koma da kansa nan take, har ka ji ƙas a cikin kafireta. Ka juya kan babur dama har iyaka ka gwada, ka juya hagu ka sake gwadawa. In a gefe ɗaya kaɗai ya ke maƙalewa, wayar ce ta lanƙwashe, ko wani abu ya matse ta. Sau da yawa igiyar da a ka ɗaure jarka ko kaji da ita a kan babur ce. Ka duba robar hannu kuma, domin babur ɗin da ya taɓa faɗuwa robarsa kan goga da bakin ƙarfe. Ya kamata totur ya kasance da ɗan wasa kamar milimita 2 zuwa 6 kafin ya fara jan waya. In babu, sassauta ɗan notin da ke kusa da hannu.

Daga nan sai waya. Kwance kusoshi biyu na gidan totur, ka fitar da kan wayar, ka ja ta ka tura da yatsa. In ka ga ko da sili ɗaya ya tsinke ya miƙe, magana ta ƙare, sai sabuwa. Mai ba ya maganin wannan, kuma kuɗin waya bai kai na ɗaurin karaya ba. In ba ta tsinke ba, cire ta, ka huda ƙaramar leda ka ɗaure a bakin bututun sama, ka zuba kananzir kaɗan ka yi ta ja da turawa har dauɗa ta fita ta ƙasa. Sa'an nan ka ɗiga mai marar kauri, irin na keken ɗinki, ka rataye ta ta kwana. Ban da giris mai kauri, ban da baƙin man da a ka juye daga inji. Man gyaɗa kuma a bar wa uwargida ta soya ƙosai, don in ya daɗe cikin waya danƙo ya ke zama. Ƙarfen da hannun totur ke juyawa a kansa, shi ma a goge shi tas.

In waya lafiya lau amma har yanzu yana kamawa, buɗe murfin saman kafireta. Za ka sami sifirin da wani ɗan ƙarfe mai kamar gwangwani da allura a ƙasansa. Wanke shi da fetur, ka goge ramin da ya ke hawa da sauka da tsumma mai tsabta. Kada ka shafa masa mai, kada ka kankare shi da yashi. Wurin mayarwa a kula ƙwarai: yana da tsaga a gefe wadda ke bin wani ɗan haƙori cikin ramin. In ya shiga a karkace zai tsaya a sama, da ka buga inji sai ruri. Wanda bai taɓa yi ba ya kai wa makaniki, ya tsaya ya gani da idonsa. Yashin da ka tarar a nan ta wurin soson tace iska ya bi, saboda haka a wanke soson, in ya yage a sake.

Wani lokaci ma ba totur ba ne, cok ne a ka manta a jaye bayan inji ya ɗumama.

Saura maganar wuta. Mun san a kan taru a ji ɗumi da asuba, har wani ya jawo garwashi ƙarƙashin inji wai ya tashi da wuri. Fetur ba ya wasa da wuta, kuma duk aikin kafireta a yi shi nesa da murhu da taba. A kwantar da babur cikin zaure, a rufa masa buhu a kai. Da safe, kafin ka buga, murɗa totur sau uku ka saki ka ji ya koma, ka bar injin ya yi minti 2 ko 3 yana aiki kafin ka ɗora kaya.