CIN ABINCI BA AMFANIN JIKI: YAWAITAR ƘWAYOYIN CUTA A ƘARAMIN HANJI

Akwai mutumin da yake cin abinci sosai, amma kullum sai ramewa yake yi. Wani lokaci laifin yana cikin ƙaramin hanji, watau hanjin nan mai tsawon kamar mita 6, inda jiki ke tsotse amfanin abinci ya kai cikin jini.

Yadda abin ke faruwa

Mazaunin ƙwayoyin bakteriya na asali shi ne babban hanji. Ƙaramin hanji kuwa kaɗan ne ke cikinsa, domin ruwan tsami na tumbi yana kashe su, motsin hanji yana kore su ƙasa, sannan akwai wata 'yar ƙofa tsakanin hanjin biyu da ke hana su komowa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya raunana, sai su hayayyafa inda ba wurinsu ba. Hakan yakan biyo bayan aikin tiyata a ciki, ko ciwon sukari da ya daɗe, ko ƙuntatar hanji, ko tsufa, ko daɗewa ana shan maganin rage tsamin ciki.

Ɓarnar da suke yi

Da fari, sukan riga jiki cin abinci mai sukari, su fitar da iska, ciki ya kumbura. Na biyu, sukan ɓata ruwan matsarmama wanda ke taimaka wa jiki karɓar maiƙo. Saboda haka maiƙon sai ya fice cikin bayan gida, ya zama fari-fari, mai tsananin wari, yana taso kan ruwa. Na uku, sukan cinye bitamin B12, wanda rashinsa ke kawo ƙarancin jini, da kasala, da mutuwar ƙafafu. Yaro kuwa girmansa yakan tsaya.

Abin da ya kamata a yi

Duk wanda zawo ya wuce masa mako 2, tare da kumburin ciki da rama, lalle ne ya je asibiti. Likita zai auna jini da bayan gida. Akwai kuma awon numfashi, wanda akan yi bayan majinyaci ya sha ruwan sukari. Magani yakan ɗauki mako 1 zuwa 2, wani lokaci a haɗa da allurar bitamin B12. Cutar takan dawo muddin ba a magance tushenta ba, don haka wajibi ne a koma ranar da likita ya sa.

Kada a sayi kafso a kemis ba da izinin likita ba, gama shan sa barkatai yana sa ƙwayoyin su daina jin magani. Kafin a isa asibiti, a riƙa ba mai zawo ruwan gishiri da sukari.