WAƘAR MAGANIN WASWASI DA SHARHINTA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da Alayensa da Sahabbansa. Bayan haka, wannan darasi ne ga ɗan'uwa wanda waswasi ya matsa wa, da wanda ya fara samun sauƙi yana tsoron komowarsa.

Ya ɗan'uwa mai shakka cikin tsarki,
Buta ta ƙare, kai ba ka gamawa.
Wanki guda ya isar wa farilla,
Uku ce iyaka, babu ƙarawa.

SHARHI: Ka sani, Allah ya yi maka rahama, Manzon Allah (S.A.W.) yana alwala da mudu guda na ruwa. A mazhabar Imamu Maliku shakkar hadasi tana warware alwala, amma malamai sun cire mutum guda, shi ne mustankihi, wato wanda shakka take zo masa kullum, ko da sau ɗaya a yini. Shi wannan ba ya sake alwala saboda shakka. Haka nan a salla, Risala da Ahalari sun hukunta cewa ya watsar da abin da ya yi kokanto a kai, kada ya kawo shi, sai ya yi sujada ba'adi. Wannan hukuncinka ne, ba sassauci ne da ka sato ba.

Tunanin da ya faɗo, ka ƙi shi a ranka,
Ba zunubi ba ne, bar firgitawa.
Baƙon da ba ka kira ba, ƙyale shi,
In ka kula shi, ba ya gushewa.

SHARHI: Ya zo a Sahihu Muslim daga Abu Huraira cewa wasu Sahabbai sun kai kukan abin da ke ɗarsuwa a zukatansu, wanda suke jin nauyin furta shi, sai Annabi (S.A.W.) ya sanar da su cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. To, ɓacin ran da kake ji shaida ce gare ka. Ka nemi tsari sau guda, ka ci gaba da abin da kake yi. Kada ka tsaya jayayya da tunanin, kada ka sake kalmar shahada don ka ji sanyi. Sanyin nan na ɗan lokaci ne, kamar susar ƙaiƙayi, gobe shakkar ta komo ta fi ta yau ƙarfi.

Tambayi malam sau guda ka riƙe,
Je ga likita, ciwon na warkewa.

SHARHI: Idan waswasi ya cinye maka awa guda ko fiye a kowace rana, ya hana ka jam'i ko sana'a, to ya zama ciwo, likitoci sun san shi. A shekarar 1966 wani masani a Landan, Victor Meyer, ya bayyana hanyar maganinsa: mai ciwon ya fuskanci abin da ke tayar masa da shakka, sannan ya kame daga maimaitawa, har damuwar ta hau ta sauka da kanta. Dubi yadda wannan ya dace da hukuncin mustankihi. Akwai kuma ƙwayoyi waɗanda amfaninsu kan bayyana cikin mako 8 zuwa 12, ba a barin su sai da izinin likita. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Ya kai mai samun sauƙi, tunanin zai leƙo ranar gajiya ko baƙin ciki. Ba ka koma baya ba muddin ba ka amsa masa ba. Ku kuma 'yan'uwa a zawiya, kada ku yi masa dariya, kada kuma ku riƙa ba shi tabbaci duk sa'ad da ya tambaya, domin yawan tambaya shi ma waswasi ne. Ku ja shi zuwa sahu da tausasawa.

Allah ya ba mu natsuwar zuciya, ya warkar da marasa lafiyarmu. Allah ne mafi sani. Tammat bi hamdillahi.