Yadda Ake Shirya Faretin 4 ga Yuli a Garuruwan Kewayen Shikago

A Amurka, ranar 4 ga Yuli ita ce ranar tunawa da samun 'yancin kai na shekarar 1776, kuma tana faɗowa ne a tsakiyar lokacin zafi, makarantu na hutu, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas na dare. Manyan birane suna nasu shagalin, amma inda bikin ya fi shiga jinin mutane shi ne ƙananan garuruwan da ke kewaye da biranen, irin su Evanston da Skokie da Deerfield da Highland Park a arewacin Shikago, cikin jihar Illinois. A can za ka ga 'yan makaranta da gangunansu da ƙahonninsu, tsofaffin sojoji, motocin kwana-kwana, yara a kan kekunan da aka yi wa ado, jama'a kuma sun jeru a gefen titi kamar masu jiran hawan Sallah. Faretin bai cika wuce awa biyu ba. Shirinsa kuwa yakan ci watanni, kuma yawancin aikin a ofis ake yin sa.

Daga kasafin kuɗi ake farawa. Da yawa daga cikin waɗannan garuruwa suna da magajin gari da kansiloli waɗanda jama'a suka zaɓa, su kuma su ɗauki manajan gari, ƙwararren ma'aikaci da ke tafiyar da ayyukan yau da kullum. Manajan ne ke kawo wa majalisa lissafin abin da bikin zai ci. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne alawus na 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan tituna, saboda ranar hutu ce kuma za su wuce lokacin aikinsu. Dokar jihar Illinois ta wajabta a yi zaman majalisa a bainar jama'a, kuma duk mazaunin garin yana da damar ya tashi ya yi magana. Tunda da harajinsu za a yi hidimar, sukan zo su faɗi albarkacin bakinsu: wannan ya ce ƙarar wasan wuta tana firgita tsofaffi da karnuka, wancan ya ce rufe titi yana kashe masa ciniki. A Illinois akwai kuma hukumar kula da filayen shaƙatawa, mai cin gashin kanta da nata harajin, don haka idan za a yi amfani da fili sai an zauna da ita.

Idan kuɗi ya tabbata sai a kafa kwamiti. A teburin akwai ɗan sanda, ɗan kwana-kwana, mutumin sashen ayyuka, jami'in yaɗa labarai, lauyan gari, da wakilan 'yan sa-kai. Duk ƙungiyar da ke son shiga faretin sai ta cika fom: mutum nawa, mota nawa, tsawonta nawa, wa zai tuƙa. Mai kawo babbar mota ko dawaki ana neman ya nuna takardar inshora, sau da yawa ta dala miliyan ɗaya, don in an yi ɓarna kada nauyin ya faɗa kan baitulmalin gari. Akwai wata ƙa'ida da garuruwa da yawa suka sa wadda baƙo zai ɗauka wasa ce: ba a jefa alewa daga kan mota mai tafiya. Dalilin kuwa shi ne yaro idan ya hango alewa a kan kwalta ba ya ganin taya. Mai son rabawa sai ya sauko ya taka da ƙafa ya miƙa a hannu.

Daga nan sai zana hanya, kuma a nan ne aikin ya canza ƙwarai cikin 'yan shekarun nan. A da abin da ake dubawa shi ne faɗin titi, inuwa, mahaɗar layin dogo, da yadda za a karkatar da motoci. Bayan 14 ga Yuli 2016, ranar da wani ya kutsa da babbar mota cikin masu kallon wasan wuta a birnin Nice na Faransa ya kashe mutum 86, da kuma 21 ga Nuwamba 2021, lokacin da wani ya afka da mota cikin faretin Kirsimeti a Waukesha ta jihar Wisconsin mutum shida suka rasu, kowa ya gane shingen katako ba ya tare komai. Yanzu sai a ɗauko tifofi da motocin kwashe dusar ƙanƙara, waɗanda ba su da aiki a lokacin zafi, a gindaya su a bakin kowace mahaɗa. Wasu garuruwan sun sayi shingayen ƙarfe masu tsayar da mota. Amma toshewar tana da nata haɗarin, domin hanyar da ta hana mugu shigowa ita ce za ta hana motar asibiti. Saboda haka ake barin direba kusa da tifarsa da makulli a hannu, a kuma ware titi ɗaya ko biyu da ba a toshe su da komai sai ɗan sanda.

Highland Park ta ƙara wa masu zana hanya wani darasin mai ɗaci. Gari ne mai mutane kimanin dubu 30, kusan kilomita 40 arewa da Shikago, a bakin Tafkin Michigan, kuma tun 2013 ya haramta mallakar bindigogi irin na yaƙi a cikin iyakarsa. Ranar 4 ga Yuli 2022, da misalin ƙarfe 10:14 na safe, faretin bai daɗe da tashi ba a titin Central, wani matashi ɗan shekara 21 ya hau rufin wani kanti ta tsanin da ke jikin ginin, ya buɗe wuta, ya harba harsashi fiye da 80. Mutum bakwai suka rasu, wasu 48 suka ji rauni. Akwai 'yan sanda a wurin, amma idonsu na kan titi da mahaɗa, harin kuma daga sama ya zo. Sai bayan kusan awa takwas aka kama shi, kuma a ranar garuruwan maƙwabta da dama suka soke nasu bukukuwan.

Tun daga lokacin, duba rufin gine-gine ya shiga cikin aikin. Kafin ranar, jami'ai sukan bi hanyar da ƙafa suna ɗaga kai: wane gini ne ke kallon titi, ta ina ake hawa, wa ke riƙe da makullin. A yi magana da masu kantuna su kulle ƙofar hawa, a ɗora jami'ai a kan wasu rufin, a tashi ƙananan jirage marasa matuƙi suna leƙen sauran. A ganina wannan shi ne sashen da ya fi buƙatar mutanen gari, domin 'yan sandan gari mai mutum dubu 30 ba za su iya tsare kowane rufi ba. Mai kantin da ya san tsaninsa, da maƙwabciyar da ta ga baƙuwar fuska a bayan layi, su ne ke cike giɓin, kuma ba za su yi magana ba sai in an riga an saba da su.

Ƙarancin ma'aikata ya sa garuruwan suka ƙulla yarjejeniyar taimakon juna. 'Yan kwana-kwana na Illinois suna da tsarin da ake kira MABAS, wanda ya faro a 1968 a garuruwan kewayen Shikago. A ƙarƙashinsa an riga an rubuta, tun kafin komai ya faru, motar wane gari ce za ta zo a kira na farko, wacce a na biyu, wacce kuma za ta koma ta tsare tashar da aka bari babu kowa. 'Yan sanda ma suna da irin nasu. Wahalar 4 ga Yuli ita ce kowane gari yana nasa bikin a rana ɗaya, don haka sai an daidaita lokuta, wani ya yi da safe, wani da rana, wani ma ya yi wasan wutarsa ranar 3 ga wata.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi ganin darajarsa, ko da yake ba a ganin sa a hoto: rubuta sunan wanda ke da ikon yanke hukunci. Amurkawa suna da tsarin jagorancin gaggawa da ya samo asali daga gobarar dajin Kalifoniya a shekarun 1970, inda hukumomi suka yi ta karo da juna saboda kowa da shugabansa da tashar oba-obarsa. A 2004 gwamnatin tarayya ta mai da shi tsarin ƙasa baki ɗaya. Ga fareti, ma'anarsa ita ce a kafa cibiya guda inda babban ɗan sanda da babban ɗan kwana-kwana za su zauna tare, a raba tashoshin oba-oba, a kuma rubuta a takarda wa zai ce a tsaya, da abin da zai sa ya ce hakan. Abin da ya faru a bikin baje kolin jihar Indiana ranar 13 ga Agusta 2011 ya nuna muhimmancin wannan. Hadari ya taso, iska mai ƙarfi ta rushe rumfar dandamalin waƙa a kan jama'a, mutum bakwai suka rasu, kuma binciken da aka yi daga baya ya gano ba a fayyace wa ke da ikon dakatar da wasan ba. Idan ba a rubuta ba, kowa zai tsaya jiran wani, domin ba mai son a ce shi ya watsa taron da aka yi wata shida ana shiryawa. Shi ya sa ake gindaya sharaɗin tun ana cikin natsuwa: in an ji tsawa a watse, kuma ba a dawowa sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba. Haka ma zafi, in ya kai wani mizani a rage tsawon tafiyar ko a ɗage. Ana kuma shirya kalmomin sanarwar tun da wuri, da gine-ginen da jama'a za su fake.

Ɓangaren lafiya yana tafiya tare da wannan. Ana girke motocin asibiti a farkon hanya da tsakiya da ƙarshe, wasu ma'aikatan kuma a kan keke saboda su ratsa cunkoso. Ana sanar da asibitin da ke kusa. Yawancin abin da suke gamuwa da shi bai wuce ƙishirwa da jiri da faɗuwar tsofaffi ba, don haka ruwan sha da inuwa sun fi komai amfani. Tun 2015 akwai kuma wani shiri na ƙasa da ke koya wa talakawa yadda ake danne rauni da ɗaure hannu ko ƙafa don tsayar da jini, kuma garuruwa da yawa suna koya wa 'yan sa-kansu shi kafin ranar.

Masu sayar da abinci suna karɓar izini daga hukumar lafiya, wadda ke zuwa da ma'aunin zafi: abinci mai zafi kada ya sauka ƙasa da digiri 57 a ma'aunin Selshiyas, mai sanyi kada ya haura digiri 5. Ɗan kwana-kwana kuma ya duba tukunyar gas. Ana kawo banɗakunan haya, a ware wurin masu keken guragu kamar yadda dokar naƙasassu ta 1990 ta tanada, a kafa rumfar da ake kai yaron da ya ɓace.

Wasan wuta na dare kamfani mai lasisi ake ba kwangilarsa. Ƙa'idar tazara a bayyane take: ƙafa 70 ga kowane inci na faɗin bututun harbawa. Bututu mai inci shida ke nan yana buƙatar ƙafa 420, kusan mita 128, babu ɗan kallo a ciki ta kowace fuska. Wannan lissafin, da inda iska ke kaɗawa, su ke tantance girman abin da gari zai iya harbawa.

Mako guda ko biyu kafin ranar sai a yi gwaji a kan tebur. A shimfiɗa taswira, wani ya ce, ga mota ta tsallake shinge a mahaɗa kaza, kowa ya faɗi abin da zai yi. A nan ake gano cewa oba-obar wannan sashe ba ta jin ta wancan, ko kuma mutum biyu kowa yana zaton ɗayan ne ke riƙe da makullin makarantar da za a fake. Sai a aika wa mazauna sanarwar titunan da za a rufe. A ranar, tun asuba ake janye motocin da aka bari a kan hanya, a jera masu fareti bisa lamba, 'yan sa-kai su tsaya da rigunansu masu ƙyalli. Motar ƙarshe tana wucewa masu shara na biye da ita, a buɗe titi.

Cikin makonni kaɗan kwamitin zai sake zama ya rubuta rahoton bita: me ya tafi daidai, ina aka yi jinkiri, nawa aka kashe. Wani lokaci tambayar da ke gaban majalisa ta fi wannan nauyi. A Highland Park, magajiyar gari Nancy Rotering da majalisarta sun fuskanci ko za a sake yin faretin ma gaba ɗaya. A 2023 ba su yi shi ba. Sun yi taron tunawa da waɗanda aka rasa, aka yi shiru na ɗan lokaci da ƙarfe 10:14, sannan jama'a suka taka da ƙafa a kan hanyar da aka saba bi, da dare kuma aka yi wasan fitilu da jirage marasa matuƙi maimakon wasan wuta, saboda ƙarar fashewa na iya tayar da hankalin waɗanda suka tsira. Na ga hikima a wannan haƙurin: ba su tilasta wa mutane murna ba, ba su kuma bar wa tsoro titin ba. A watan Janairun shekarar gwamna JB Pritzker ya sa hannu a dokar hana sayar da bindigogi irin na yaƙi a faɗin Illinois. Faretin ya dawo a 2024 a kan sabuwar hanya, kuma a watan Afrilun 2025 kotun gundumar Lake ta yanke wa maharin hukuncin ɗaurin rai da rai ba tare da damar sakin talala ba.