Darasi: Kalmar "Lodi" da Takwarorinta

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga tashar motar Jambutu da ke Jimeta da sassafe, zai ji 'yan kamasho suna kiran sunayen garuruwa: Mubi, Numan, Gombe, Jalingo. Idan ya tsaya ya saurara, akwai kalmar da zai ji ta fi kowace yawa a bakinsu, wato "lodi". A wannan darasi za mu duba ma'anarta da yadda ake sarrafa ta, sannan mu gwada ta da kalmomin da suke kusa da ita. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, Bahaushe yakan zaɓi kalma ne bisa irin kayan da kuma abin da zai ɗauke su.

Asali da Ma'ana

"Lodi" kalmar aro ce daga Turanci. Suna ce, jinsin namiji, shi ya sa ake cewa "lodin gyaɗa" ko "lodi ya ƙare". Ma'anarta ita ce shigar da kaya ko mutane cikin abin sufuri, kamar mota ko jirgi.

Kafin zuwan wannan kalma, Hausawa suna da nasu kalmomin, domin fatake sun daɗe suna safara da jakuna da raƙuma da takarkarai. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, Turawan Ingila kuma suka ci garin a 1901. A zamanin Turawa, jiragen ruwa sukan hauro kogin Binuwai da damina, lokacin da ruwa ya cika, su tsaya a gaɓar Jimeta. Sukan sauke gishiri da yadi, su ɗauki gyaɗa da fatu. Daga baya manyan motoci suka karɓi aikin. Sabon abin sufuri ya zo da sabuwar kalma, amma tsofaffin kalmomin ba su mutu ba. Kowace ta riƙe gurbinta.

Yadda Ake Sarrafa Kalmar

Sunan yakan zo tare da aikatau "yi":
1. Motar Mubi tana yin lodi.
2. An yi wa tirela lodin shanu a Ngurore.

Daga sunan kuma aka sami aikatau "loda", wanda wasalinsa na ƙarshe yake canzawa, ma'ana ta canza:
1. Sun loda masara a mota. (sun shigar da ita)
2. Sun lode masarar. (ba su rage komai ba)
3. Sun lodo masara daga Ganye. (sun taho da ita nan)
4. Motar ta lodu. (ta cika sosai)

A yau kalmar ta faɗaɗa. Mai wayar salula yakan ce, "Na loda kati," kamar yadda wani zai ce, "Na sa kati."

Kalmomi Masu Kusancin Ma'ana

Ɗora: sanya abu a kan wani abu, kamar kaya a ka ko tukunya a murhu. Misali: Ta ɗora tulu a kanta. Sakkwatawa sukan ce "aza".

Labta: ɗora wa dabba kaya masu nauyi. Misali: Ya labta wa jaki buhu biyu. Wasu sukan furta ta "lafta".

Jibga: zuba kaya masu yawa ba tare da lura ko tsari ba. Misali: An jibga itace a bakin hanya.

Danƙara: cusa kaya ana dannawa har ba sauran wuri. Misali: Sun danƙara auduga a buhu.

Ɗura: zuba ruwa ko mai cikin abu mai ƙaramin baki. Misali: Ana ɗura wa tanka fetur.

Kishiyar waɗannan duka ita ce "sauke". Idan kuma yashi ne ko tsakuwa aka zubar gaba ɗaya, sai a ce "juye".

A kula, "dako" daban yake da "lodi". Dako shi ne ɗaukar kayan wani daga wuri zuwa wuri don a biya lada. Ɗan dako zai kawo buhu daga kasuwar Jimeta zuwa tasha, 'yan lodi kuma su hau da shi mota.

Kuskuren da Ya Kamata a Guje Masa

Kalmomi uku sukan rikita mai koyo, domin wasali ne kawai ya raba su: ɗora, ɗaura, ɗura. Ana ɗora kaya a kan mota, a ɗaure su da igiya, sannan a ɗura wa motar mai. Wanda ya ce wa yaron mota, "Ɗora kayana," alhali yana nufin "ɗaure," yana iya isa Numan ya tarar jakarsa ta faɗi a hanya, kuma ba shi da bakin ƙorafi, don abin da ya faɗa aka yi masa.

Haka nan ba a cewa an loda wa mutum tulu a ka, ba a kuma cewa an labta fasinjoji a mota.

Ma'ana ta Hikima

Wasu daga cikin kalmomin sukan bar kaya na zahiri su koma kan al'amuran rayuwa. Ana ɗora wa mutum laifi ko nauyi, ana jibga wa yaro aiki, ana labta wa mai laifi tara. Akwai kuma karin maganar da ke cewa, "Kaya ya tsinke a gindin kaba," wato matsala ta faru a inda maganinta yake, tun da da kaba ake tufka igiya.

Tattaunawa a Tasha

Fasinja: Sannu da aiki, Malam. Wace mota ce take lodin Mubi?
Ɗan kamasho: Yawwa, Hajiya, sannu da zuwa. Ga ta can, saura mutum biyu ta tashi.
Fasinja: Ina da buhun shinkafa ɗaya. Don Allah a ɗora shi a sama, a ɗaure da kyau.
Ɗan kamasho: Kada ki damu, Hajiya. Kai yaro, zo ka ɗauki kayan nan!
Fasinja: Amma fa kada a jibga wani abu a kansa.
Ɗan kamasho: In sha Allahu ba abin da zai same shi. Allah ya kiyaye hanya.

Aiki

A. Cike gurbi da kalmar da ta dace (loda, labta, ɗura, ɗora, juye):
1. Manomi ya ______ wa jakinsa taki.
2. Tifa ta ______ yashi a ƙofar makaranta.
3. Inna ta ______ tukunya a wuta.
4. An ______ man gyaɗa a kwalba.
5. 'Yan kasuwa sun ______ doya a babbar mota.

B. Mene ne bambancin "lodi" da "dako"?

C. Gina jumla ɗaya da kowace: lode, lodo, lodu.

D. Ziyarci tashar mota mafi kusa da kai, ka rubuto jumloli biyar da ka ji an yi amfani da waɗannan kalmomi a cikinsu, ka karanta wa 'yan ajinku.